Yadda Magidanta Ke Shirin Mahaukaciyar Guguwa A Amurka

Ba duk hadarin da ke tasowa daga gabas da damina, ya ratsa Chadi da Nijar da arewacin Nijeriya, ne ke ƙarewa a kan tudu ba. Wani yakan miƙa yamma har ya faɗa Tekun Atlantika ta wajen Sanagal. In ya tarar da ruwan teku da ɗumi, sai ya shiga juyi yana ƙara ƙarfi. Da zarar iskarsa ta kai gudun kilomita 119 a awa, ya zama mahaukaciyar guguwa ke nan, irin wadda ke afka wa tsibiran Karebiyan da kudancin Amurka.

Lokacinta sananne ne, watau daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, ta kuma fi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba. Saboda haka magidanci mai hankali a Fulorida ko Luwiziyana tun watan Mayu yake fara shiri. Zai sassare rassan itatuwan da ke kusa da rufin gida, ya tanadi katakon toshe tagogi, ya ƙunshe takardun gida da na asibiti cikin leda. Inshora ma da wuri ake yi, domin ta gida ba ta biyan ɓarnar ambaliya, ta ambaliyar kuwa sai ta kwana 30 kafin ta fara aiki.

Abin mamaki, iska ce ta yi suna, amma ruwa ya fi ta kisa. Guguwar takan turo teku kan tudu, ga kuma ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. A 2005, da Katrina ta fasa madatsun birnin New Orleans, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, mutum fiye da 1,300 suka halaka, tsofaffi da yawa a cikinsu. Katako a taga ba ya hana wannan. Don haka tilas kowane gida ya san ko unguwarsa na cikin waɗanda ake kwashewa, da inda zai nufa, da wanda zai ɗauki tsohuwar da ba ta da mota. Hukuma takan yi gargaɗi saura awa 48, ta maimaita da ƙarfi saura awa 36. Mai jiran na biyun kafin ya nemi fetur, dogon layi zai tarar, in ma ya samu.

Sa'an nan akwai kwanakin da ke biyo baya. Hukumar agajin gaggawa ta FEMA na ba da shawarar a ajiye wa kowane mutum ruwa galan ɗaya a rana, watau kusan lita 4, na kwanaki da dama, haɗe da abincin gwangwani, magunguna, tocila, rediyo mai batir da tsabar kuɗi. Wannan ma wani lokaci ba ya isa: bayan guguwar Mariya ta 2017, wasu garuruwan Fota Riko sun yi wata 11 babu lantarki.

A irin wannan duhu ne ake jawo janareta cikin gareji ko gindin taga. Iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da launi, ba ta da wari. Bayan guguwar Lora ta 2020, da yawa daga cikin waɗanda suka rasu a Luwiziyana ita ce ta kashe su cikin ɗakunansu, bayan guguwar ta wuce. Ƙa'ida ita ce a ajiye shi a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga.