Fasaƙwari a Turmin Jego

Ana gobe suna, ko kwana biyu kafin nan, mata kan taru a gidan mai jego su daka yaji. Barkono da citta da kanumfari da masoro da kimba kowa ya san su. Amma tsohuwar da ta san aikinta ba ta yarda a ɗaga taɓarya sai ta ga fasaƙwari a faifai.

A wajen 'yan koli, ɓawo ne kawai da guntayen saiwa mai ɗorawa-ɗorawa. A daji kuwa ƙaramin itace ne, wani lokaci ma bai wuce kurmin sarƙaƙiya ba, jikinsa duk ƙaya har a jijiyar ganye. Furensa ƙanana ne farare, ɗansa kuma in ya nuna yakan tsage ya fito da ƙwaya baƙa mai sheƙi. Murza ganyen ka ji ƙamshin lemon tsami, domin masana tsirrai sun sa shi a dangi ɗaya da lemo, suna kiransa Zanthoxylum zanthoxyloides. Yana fita daga Senegal har Kamaru.

Yajinsa daban ne. Barkono ƙona harshe yake yi. Fasaƙwari sai ka ɗan tauna, sannan baki ya ɗauki zir-zir, yawu ya taru, dasashi ya mutu na ɗan lokaci. Shi ya sa mai ciwon haƙori yake danna guntunsa a kurmin kunci. Iyayenmu mata sun ce shi ke korar sanyi daga jikin mai jego, a barbaɗa a romon ƙauri, a bi da kunun kanwa bayan wankan safe. Wasu tsofaffin sukan ce a'a, aikinsa buɗe baki ne don ta ci abinci, nono ya kawo. Gardamar takan kai har a gama tankaɗe, kowa na atishawa, idanu jawur.

Yanzu yajin jego a roba ake sayo shi, inji ya niƙa, an cika shi da ɗanɗano da gishiri, yana ja kamar garin bulo. Abin yana yi mini ciwo. Yarinya ta haihu har ta yi arba'in ba ta ji wannan zir-zir ɗin a harshenta ba, kuma in ka ajiye mata ɓawon a gabanta sai ta ɗauka makamashi ne.