Me ya sa ɗingishi ba ya tafiya ko bayan ƙafa ta warke?

 Yau kan tafiya za mu yi magana, tafiyar nan ta ƙafa da muke yi kullum ba ma ko lura. Ƙwararren likita fa tun daga bakin ƙofa yake fara duba ka, daga yadda ka tako.

A tafiyar mai lafiya, kowace ƙafa tana yin kusan kashi 60 cikin 100 na lokacin a ƙasa, kashi 40 a sama. Da zarar ka yi targaɗe ko karaya, wannan lissafin ya rushe. Jiki ba ya son zafi, sai ka riƙa ɗage mai ciwon da wuri, ka jibga nauyi a kan ɗayar. Ɗingishi ke nan.

To amma me ya sa wani ƙashi ya haɗe, zafi ya tafi, shi kuma yana nan yana ɗingishi? Na farko, tsokar da ta yi makonni cikin filasta ba ta aiki ramewa take yi. Na biyu, gaɓa tana sandarewa, musamman idon sawu da gwiwa. Na uku, ƙwaƙwalwa ta saba da sabuwar tafiyar, sai an sake koya mata. Sannan idan ɗori bai hau daidai ba, ƙafa tana iya gajarcewa, kuma in bambancin ya wuce santimita 2 yakan fito a tafiya. Wanda ya bar abin haka, bayan lokaci sai ka ji yana kukan baya ko ƙugu. Aikin likitocin gashin ƙashi ke nan, su dawo da ƙarfin tsoka su gyara takun.

Ba kowace canjin tafiya ce daga ƙashi ba. Mai shanyewar ɓarin jiki yakan zagayo da ƙafarsa ta gefe kafin ya ajiye. Mai cutar Parkinson takunsa gajeru ne, yana jan ƙafa, hannu ba ya lilo sosai. Yaron da aka yi wa allura a ɗuwawu ta taɓa jijiya kuwa, sai ka ga tafin ƙafarsa ya saki, yana ɗaga gwiwa sama don kada yatsu su ja ƙasa. Iyaye, kada a ce zai wuce da kansa, a kai shi asibiti.

In kuma tafiyar mutum ta canja farat ɗaya, baki ya karkace ko magana ta harɗe, wannan ba na jira ba ne, asibiti nan take.

Ga wani abu da mutane da yawa ke kuskure: sanda a hannun ɓangaren mai lafiya ake riƙe ta, ba ɓangaren ciwo ba. Ƙafar dama ke ciwo? Sanda a hagu.

Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.