Shokazoban Tsohon Babur: A Auna Kafin A Saya

Har wa yau a Turai da Amurka ana tseren tsofaffin babura kan tudu da kwari. Babbar matsalar masu su ita ce zaɓen shokazoban baya, domin su ne ke riƙe taya a ƙasa bayan babur ya yi tsalle ya dira.

Kafin 1975, tayar baya ta yawancin baburan ba ta motsawa sama da ƙasa fiye da inci 4. Wajen 1980 kuwa ta kai kusan inci 12. Shi ya sa ƙungiyar AHRMA ta Amurka ta ƙayyade inci 4 ga baburan kafin 1975.

To, mai saye ya fara auna tsohon shokazoba daga ramin ƙusar sama zuwa na ƙasa. In sabon ya fi tsawo ainun, bayan babur zai ɗaga, kansa ya riƙa rawa a guje. Sifirin kuma ya dace da nauyin mahayi. Sa'an nan a nemi irin wanda ake kwancewa a sake masa mai, domin mai in ya gaji, babur sai tutsu kamar doki, ya kayar da mai shi. Araha dai ba ta ado.