Masu Ƙaura A Amurka Suna Neman Rana, Daji Da Maƙwabta Masu Ra'ayin Mazan Jiya

Da aka bayyana sakamakon ƙidayar jama'ar Amurka ta 2020, Jihar Kalifoniya ta rasa kujera ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya, watau daga 53 ta koma 52. Tun da ta zama Jiha a 1850 ba ta taɓa ganin irin wannan ragi ba. Teksas kuwa ta sami ƙarin kujeru biyu, Montana ta sami ɗaya, sa'an nan yawan mutanen Idaho ya ƙaru da kashi 17 cikin ɗari a shekara goma kacal.

Tsadar gidaje ita ce kan gaba wajen korar mutane daga biranen bakin teku. Amma cikin masu ƙauran akwai wani rukuni da ya bambanta, yawancinsu 'yan fansho ne, da tsofaffin 'yan sanda, da waɗanda ke aikinsu daga gida ta intanet. Su dai sharuɗɗa uku suke gindayawa kafin su sayi fili: wurin ya kasance mai hasken rana yawancin shekara, ya kasance cikin daji mai dogayen itatuwa, kuma jama'arsa da hukumarsa su kasance masu ra'ayin mazan jiya, watau masu son haraji kaɗan, da 'yancin riƙe bindiga, da girmama addini, da ƙin shisshigin Gwamnati.

Wannan al'amari ba jiya ya fara ba. Wani ɗan jarida mai suna Bill Bishop ya nuna cikin littafinsa The Big Sort na 2008 cewa a zaɓen 1976 kimanin kashi 27 cikin ɗari na Amurkawa ne ke zaune a gundumomin da ɗan takara guda ya yi rinjaye da tazarar kashi 20 ko fiye. A zaɓen 2004 abin ya kai kusan rabi. Ashe mutane sun daɗe suna zaɓen maƙwabta kamar yadda suke zaɓen shugabanni. A 2011 wani marubuci, James Wesley Rawles, ya fito fili ya yi kira ga masu irin wannan ra'ayi da su tattara su koma Idaho da Montana da Wyoming da gabashin Jihohin Washington da Oregon.

To, amma sharuɗɗan biyu na farko ba su cika zama inuwa ɗaya ba. Daji ruwa yake so, ruwa kuwa da hadari yake zuwa. Mai karatu da ya san bambancin Sakkwato da kurmi ba ya bukatar dogon bayani. Garin Yuma na Arizona shi ne ya fi kowane gari a Amurka samun rana, amma hamada ce tsantsa. Yammacin duwatsun Cascade kuwa, inda biranen Seattle da Portland suke, daji ne ka ce ba a taɓa sa masa gatari ba, sai dai gizagizai da yayyafi su rufe shi wata da watanni, kuma masu sassaucin ra'ayi ne ke da rinjaye a can. Arewacin Idaho, wajen Coeur d'Alene da Sandpoint, yana da daji da tafkuna da irin siyasar da ake nema, amma wanda ya je da bazara ya ga rana ya sayi gida, yakan sha mamaki in hunturu ya shigo da dusar ƙanƙara da sararin sama mai toka-toka.

Inda rana da daji suka fi haɗuwa shi ne kan tuddai masu tsawo na yammacin ƙasar, inda wani itace da ake kira ponderosa ke fitowa. Dogo ne miƙaƙƙe, ganyensa kamar allura, yana jure fari. A Arizona akwai garuruwa biyu cikin irin wannan daji, tsakaninsu bai kai mil 100 ba. Flagstaff na kan tudu mai tsawon ƙafa kusan 7,000, gari ne na jami'a, gundumarsa ta saba zaɓen jam'iyyar Dimokurat. Prescott kuwa, mai tsawon ƙafa 5,000 da 'yan kai, shi ne hedkwatar yankin Arizona ta farko a 1864, kuma a bakin kotun gundumarsa ne Barry Goldwater, jigon 'yan mazan jiya, ya buɗe yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa a 1964. Gundumar ta Yavapai ta 'yan Rifablikan ce. In da a takarda ake zaɓen mazauni, da Prescott ya cika sharuɗɗan nan uku ba saura.

Sai dai abin da ya sa wurin ya yi daɗi shi ne kuma haɗarinsa. Tun 1999 hukumar ruwa ta Jihar ta bayyana cewa ruwan da ake ɗebowa daga ƙarƙashin ƙasa a yankin Prescott ya fi wanda ke komawa. Ga kuma gobara. A da, wuta takan bi dajin ponderosa bayan 'yan shekaru kaɗan, ta lashe ciyawa da ƙananan itatuwa, ta bar manya a tsaye domin kaurin ɓawonsu. Bayan babbar gobarar Agusta 1910, wadda ta cinye eka miliyan 3 a Idaho da Montana ta kashe fiye da mutum 80, sai hukumar gandun daji ta ɗauki wuta a matsayin abokiyar gaba. A 1935 ta kafa ƙa'ida cewa kowace wuta a kashe ta kafin ƙarfe 10 na safiyar gobe. Shekaru suka yi ta tafiya, daji ya cunkushe, busassun rassa suka taru, fari ya ƙaru, ga shi kuma an cika tsakiyarsa da gidajen katako. Yanzu in wuta ta tashi sai ta hau har ƙololuwar itatuwa. A ranar 30 ga Yuni 2013 ma'aikatan kashe gobara 19 na garin Prescott suka rasu lokaci guda a wata gobarar jeji kusa da Yarnell.

Abin da ya faru a Paradise, wani gari a gindin duwatsun arewacin Kalifoniya, ya fi wannan muni. Gari ne mai rana da itatuwa da gidaje masu araha, 'yan fansho sun cika shi. Da safiyar 8 ga Nuwamba 2018 wayar lantarki ta tayar da wuta, iska ta kora ta cikin gari. Hanyoyin fita kaɗan ne, motoci suka cushe. Mutum 85 suka mutu, yawancinsu tsofaffi, gine-gine fiye da 18,000 suka ƙone. A 2020 kamfanin lantarki na PG&E ya amsa laifinsa a gaban kotu. Kamfanonin inshora su ma sun yi nasu lissafin, har State Farm ya sanar a Mayu 2023 cewa ya daina karɓar sababbin masu neman inshorar gida a Kalifoniya. Wanda ya gudu daga haraji ya tarar da kuɗin inshora ya yi tashin gwauron zabo, lalle ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Wasu sukan juya gabas, su nufi tuddan gabashin Tennessee, Jihar da ba ta karɓar haraji kan albashi, kuma yankin na 'yan Rifablikan ne tun zamanin yaƙin basasa. Daji kore shar, sanyi da sauƙi, amma akwai gumi da hazo. Gobara ta kashe mutum 14 a Gatlinburg a Nuwamba 2016, sa'an nan a Satumba 2024 ambaliyar guguwar Helene ta sa aka kwashe fiye da mutum 50 da jirage masu saukar ungulu daga rufin asibitin garin Erwin.

Sharaɗi na uku ma da tasa sarƙaƙiyar, domin gunduma daban, Jiha daban. Redding da ke gundumar Shasta yana cikin garuruwan da suka fi samun rana a ƙasar, daji ya kewaye shi, mutanensa 'yan mazan jiya ne na gaske, amma dokar haraji da ta bindiga daga Sacramento take zuwa. Irin wannan takaici ne ya sa gundumomi 13 na Oregon suka jefa ƙuri'a tsakanin 2020 da 2024 suna goyon bayan a tattauna mayar da su cikin Idaho. Hakan ba zai yiwu ba sai majalisun Jihohin biyu da Majalisar Tarayya sun yarda. Abin dariya kuma shi ne, fiye da kashi 60 cikin ɗari na ƙasar Idaho mallakar Gwamnatin Tarayya ce, watau dajin da ya ja hankalin mai gudun Gwamnati, Gwamnatin ce ke riƙe da shi, ita ce kuma ke aiko da jiragen kashe wuta.

'Yan asalin waɗannan wurare ba duka ne ke murna da baƙin ba, ko da kuwa ra'ayinsu ɗaya. Wanda ya sayar da gida a Kalifoniya yana iya biyan kuɗi hannu, ya fi ƙarfin malamin makaranta ko ma'aikacin jinya da aka haifa a garin. Daɗin daɗawa, dokar da mutum ya bi sawunta tana iya taɓa shi ta inda bai zata ba. A 2023 asibitin Bonner General da ke Sandpoint ya rufe sashen karɓar haihuwa. Dalilan da ya bayar sun haɗa da raguwar haihuwa, da ƙarancin likitocin yara, da yanayin doka da siyasa a Jihar bayan tsaurara dokar hana zubar da ciki, wadda ta sa wasu likitoci suka bar Idaho. Bayan rufewar, matan garin suka koma yin tafiyar mil 45 zuwa Coeur d'Alene domin su haihu, ko da rana ko da dusar ƙanƙara.