Turmin Aro

Duk matar da ta taɓa daka a turmin maƙwabta ta san zaman ɗar-ɗar. Tana surfe, kunnenta na bakin zaure, don kowane lokaci yaro zai iya sallama ya ce, "Wai in ji Inna a ba da turmi." Shi ya sa ba ta jiƙa hatsi da yawa. In turmin ya tsage ba za ta kai shi a ɗaure ba, tunda gyaran wata zai amfana.

Haka gonar mace take a yawancin ƙauyukan da ke kewaye da Paraku da Jugu, a arewacin Jamhuriyar Benin. Bariba ce ko Yom, Dendi ce ko Bahaushiyar Zango, gayaunar da take nomawa ta miji ce, ko ta wa, ko ta mai gari. Sau da yawa fako ake yanka mata. Ta kai taki a ka, ta shuka waken soya da gyaɗa, ƙasa ta farfaɗo, sai mai gona ya tuna yana son wurin don auduga ko masara. Mafi ciwo shi ne maganar itace. A al'adar yankin, dasa itace alamar mallaka ce, don haka mai gonar aro ba ta da ikon dasa yazawa, alhali yazawar ce ke kawo kuɗi a Borgu da Donga yanzu. Kaɗanya da ɗorawa ma, waɗanda tun kaka da kakanni mata ke tsinta su yi mai da daddawa, suna tsaye ne a gonakin maza. Ran da aka sare su ko aka sayar da filin, ba wanda ke shawartar matan.

A takarda kam an gama magana. Dokar iyali ta 2004 ta daidaita ɗa da 'ya a gado, ta kuma ba wa matar mamaci rubu'in dukiya idan akwai 'ya'ya. Kundin dokar filaye na 2013, wanda aka gyara a 2017, ya ce namiji da mace duk ɗaya ne wajen mallakar ƙasa, kuma ƙungiyar manoma ta Synergie Paysanne na cikin waɗanda suka matsa har aka saurari talaka wajen tsara shi. Sai dai dokar da aka rubuta da Faransanci a kudu ba ta isa tsakar gida da ƙafarta. Mu Musulmi kuma ba mu da ta cewa: addini ya yanka wa 'ya rabonta, ya ba matar mamaci tumuni idan akwai 'ya'ya, amma in aka zo kan gona sai a ce 'yar "ai gidan wani za ta," a sallame ta da 'yan kuɗi ko da alkawari. Wannan cin haƙƙi ne, kuma wajibi ne limaman Zango su faɗe shi a kan mumbari.

Abin da ya fara motsa lamarin daga ƙasa ya taso. Matan da suka gaji da aron turmi sukan haɗa kuɗi su sayi nasu, su riƙa lugude, taɓarya uku a turmi ɗaya. Ƙungiyoyin matan karkara ma daga adashi suka faro, da haɗa kai wajen man kaɗe, awara da gumin shinkafa. Da suka saba riƙe asusu tare, sai suka fara zuwa gaban mai gari a ƙungiyance suna neman fili. Mace ɗaya ana iya ce mata "jeki, sai mun duba." Mata talatin da suka zauna a ƙofar fada sai an ba su amsa. Daga baya suka gane cewa kyautar baki ba ta hana yaro zuwa karɓar turmi, suka ce a rubuta: iyakar filin, shekarun da za su noma shi, abin da aka yarda su dasa, da sa hannun shaidu. A Borgu, shirin ProPFR na hukumar GIZ ta Jamus ya taimaka wajen irin waɗannan yarjejeniyoyi da takardar shaidar riƙon gargajiya da ake kira ADC, wadda ofishin magajin gari ke bayarwa. A matakin ƙasa kuma ƙungiyar mata manoma ta ANaF na ɗaga muryarsu, kamar yadda matan karkara daga sassan Afirka suka yi a gindin dutsen Kilimanjaro a Oktoban 2016.

Akwai shaidar da ke ratsa ni. Tsakanin 2006 da 2011, da tallafin Amurka, an auna gonaki an kafa duwatsun iyaka a ƙauyuka kusan 300 na Benin. Masu binciken Bankin Duniya da suka bi sawun aikin sun tarar cewa a gidajen da mata ke riƙe da su, an ƙara barin gona ta huta. Ashe da can ba rashin sanin noma ya hana su ba. Tsoro ne: mace ta bar wurin shekara guda, a ce ba ta so, a ƙwace.

Duk da haka, filin ƙungiya bai isa ba. Kadada biyu ga mata arba'in lambu ne kawai, ba zai ciyar da marayu ba, kuma wasu mazan na fakewa da shi su ce ai an ba mata nasu. Ga shi Paraku na faɗaɗa, ma'aikata da 'yan kasuwa na sayen gonakin gefen gari, kuma gayaunar mace ce ake fara sayarwa don ba ta da mai tsaya mata. Abin da ya rage wa matan shi ne sunan kowacce a takardar gadon ubanta, da kujera mai murya a kwamitocin filaye na ƙauyuka, inda ake yanke wa zai riƙe wace gona.