Linux: An sauya hanyar buɗe hoto don toshe ƙofar masu kutse

Hoto ɗaya da aka turo maka na iya zama ƙofar da masu kutse za su bi su shiga kwamfutarka. An ga haka a watan Satumban 2023, lokacin da aka gano ɓaraka a manhajar karanta hotuna samfurin WebP, har Chrome da Firefox suka yi gyaran gaggawa.

Irin wannan barazana ce ta sa Fedora, ɗaya daga cikin manyan rassan Linux, ta yi sauyi a fitowarta ta 43 a Oktoban 2025. Manhajar gdk-pixbuf, wadda shirye-shiryen GNOME suka shafe sama da shekara 20 suna dogaro da ita wajen nuna hoto, yanzu tana miƙa aikin ga wata sabuwa mai suna Glycin. Ita ma Arch Linux ta bi wannan hanya.

Tsohuwar hanyar da yaren C aka rubuta ta, inda ƙaramin kuskure kan ba maharbi dama. Glycin kuwa galibinta da Rust aka gina ta, kuma tana buɗe hoto a killataccen wuri, nesa da intanet da takardunka. Ko da hoton na ɗauke da tarko, a nan zai tsaya.

Sai dai killacewar ta dogara da manhajar bubblewrap, kuma a na'urar da ta ƙi aiki, buɗe hoto kan ba da matsala. Duk da haka, masu amfani da Linux su riƙa sabunta na'urorinsu, domin rigakafi ya fi magani.