MANTUWA BA DAƘIƘANCI BA CE

A wani ƙauye tsakanin Kabo da Gwarzo, wata uwa da ke ajinmu na yaƙi da jahilci ta daina zuwa. Da muka je gaishe ta, sai ta ce, "Malam, ku bar ni. Abin da kuka koya mini ran Lahadi, kafin Laraba ya gudu. Kaina ya tsufa." A makon nan kuma muka ga an zane wani yaro don ya manta ayar haddacewa. 'Yan'uwa masu karatu, ruwa ba ya tsami banza. Masana halayyar ɗan Adam sun fi shekara 100 suna binciken mantuwa, abin da suka gano kuwa ya wanke uwar nan da yaron nan.

Wanda ya fara auna mantuwa wani Bajamushe ne, Hermann Ebbinghaus, wanda ya buga sakamakonsa a 1885. Ya yi ta haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, sa'an nan ya auna wahalar da zai sha wajen sake koyonsu. Bayan minti 20, kashi 58 cikin 100 na aikinsa ne ya rage. Bayan awa ɗaya, kashi 44. Bayan kwana ɗaya, kusan kashi 34. Bayan wata guda, kashi 21. Ku lura, ɓarnar mafi yawa a ranar farko take faruwa, daga nan sai ta lafa. Ashe abin da ya sami uwarmu ya sami babban masanin ma.

To, me ke kawo mantuwa? Wasu masana sun ce kamar turbar gona ce: in an daina bi, ciyawa za ta rufe ta. Wasu suka ce a'a, sabon abu ne ke danne tsoho. A 1924 Jenkins da Dallenbach na Jami'ar Cornell a Amurka sun sa ɗalibai biyu hadda, wani lokaci su kwanta barci, wani lokaci su shiga harkokinsu. Duk sa'ad da suka yi barci, sun fi tunawa. Uwar da ta tashi daga aji ta faɗa daka da ɗiban ruwa da hayaniyar yara, dole karatun ya sha turmutsutsu. Ra'ayi na uku ya ce sau da yawa abin yana nan, hanyar ɗauko shi ce ta ɓace. Shi ya sa sunan mutum kan tsaya mana a baki, amma da an ambaci garinsu sai ya faɗo.

Akwai kuma iyakar abin da kai ke ɗauka a tashi ɗaya. George Miller ya rubuta a 1956 cewa abu bakwai ne, ko sama ko ƙasa da biyu; masu bincike na baya sun ce ma bai kai haka ba, wajen huɗu ne. Dalili ke nan da muke yanka lambar waya mai lamba 11 gida uku kafin mu riƙe ta. Malamin da ya jibga wa yaro dogon sashe gaba ɗaya, shi ya yi kuskure, ba yaron ba.

Haka nan ƙwaƙwalwa ba akwati ba ce da ake ajiya a ɗauko yadda aka sa. Frederic Bartlett na Jami'ar Kambirij ya nuna a 1932 cewa mutum sake gina labari yake yi duk sa'ad da ya tuna shi. Ya ba Turawan Ingila wata tatsuniyar baƙuwar al'umma. Da suka zo maimaitawa sai suka taƙaita ta, suka musanya abin da ba su sani ba da abin da suka saba. In yaro ya sa kalmar gida a gurbin kalmar littafi, ba ganganci ya yi ba. Alama ce bai gane ma'anar ba, sai a bayyana masa.

Mene ne magani? Ebbinghaus ya ga maimaici 38 da aka raba cikin kwana uku ya yi daidai da maimaici 68 a rana ɗaya. A 2006 kuma Roediger da Karpicke a Amurka suka tabbatar cewa wanda ya rufe takarda ya yi ƙoƙarin faɗa da ka, ya fi wanda ya yi ta sake karantawa tunawa bayan mako guda.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. Mu dubi maƙwabtanmu na makarantun allo da ke ko'ina a Gwarzo da Kabo. Ana rubuta wa yaro ɗan kaɗan a allo, ba zai wanke ba sai ya biya wa malam. Ana karatu da asuba, da yamma, da dare kafin barci, ana kuma komawa baya a yi tilawar abin da ya wuce. Da haka alaramma ke kai ga rubuta Alƙur'ani duka da ka. Kakanninmu ma da dare suke tatsuniya, gobe su ce yaro ya maimaita. Mu ne muka mai da karatu na ran Lahadi kaɗai, sa'an nan muke mamaki.

Saboda haka ga shawararmu ga malaman makarantar Lahadi, da na ajin manya, da iyaye. A ba da kaɗan. A bayyana ma'ana kafin hadda. A yi bita a daren ranar, da washegari, da bayan kwana uku, da bayan mako. A rufe littafi a sa mai koyo ya faɗa da bakinsa, ko da zai yi tuntuɓe. A ajiye bulala, gama tsoro kan toshe abin da yaro ya riga ya sani.

Amma mu bambanta wannan da wata mantuwar. Tsohon da ya fara ɓata hanyar gidansa, ko ya kasa gane 'ya'yansa, ciwon ƙwaƙwalwa ne ke damunsa. Asibiti za a kai shi, a kuma yi haƙuri da shi; kada a jefe shi da zargin maita.

Uwar nan kuwa ta komo aji. Jikarta ce ke tambayarta baƙaƙe biyar kowane dare bayan tuwo. Kafin a gama girbin dawa ta rubuta sunanta da hannunta. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu haƙurin koyarwa, amin.